Muhawara: Sallama ko Kes, wanne ya fi riƙe yaron shago?

Alhaji mai kayan gini: Assalamu alaikum. Ni ina ganin ɗan kasuwa mai yara uku ko huɗu a Maradi bai kamata a matsa masa shigar da su CNSS ba, wato Kes, asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa. Tsarinmu ya wadatar: yaro ya ci, ya sha, a yi masa kayan salla, in ya yi shekara biyar ko bakwai ubangida ya sallame shi da jari. Fansho sai mutum ya kai shekara 60. Jari kuwa yana ɗan 25 zai riƙe abinsa.

Malam mai lissafi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu fara sa lambobi a ƙasa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30.047 zuwa 42.000 tun Janairun 2024. A kan wannan, rabon ubangida a Kes kashi 16,40 ne cikin ɗari, wato 6.888 a wata, ana kuma cire wa ma'aikaci 5,25, wato 2.205. Yara uku: 20.664 daga aljihun mai shago. Kuma ba fansho kaɗai ba ne. A cikin kashi 16,40 ɗin, 8,40 na tallafin iyali ne, 1,75 na hatsarin aiki. Ranar da kwanon rufi ya yanke jijiyar hannun yaro wajen sauke mota, wa zai biya asibiti da watannin zamansa?

Alhaji mai kayan gini: Ubangida zai biya, kamar kullum. Malam, ka lissafa 6.888 ka tsallake 42.000 ɗin. Nan ne nauyin yake. Shagon da ribar buhun siminti ba ta taka kara ta karya ba, ga haya, ga harajin patanti, ga canjin naira da ke juya farashin kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa, ina zai samo albashin mutum uku kowane wata, har da damina da ciniki ke kwanciya?

Hajiya mai shagon ɗinki: Alhaji, gaskiyarka a kan nauyi, amma sallama tana da ciwon da ba ka faɗa ba: ba a rubuta ta. Ba ranar, ba adadin, ba shaida. Yaro na shiga shekara ta huɗu sai ya fara zargin za a laƙa masa sata a kore shi hannu wofi, sai ya fara sallamar kansa da kansa daga akwatin ciniki. Ubangida ya ga giɓi, ya kore shi, abin da yaron ke tsoro ya tabbata. In za a yi sallama, a rubuta tun ranar farko: shekara nawa, jari nawa, kuɗi ne ko kaya, me zai samu in ya tafi a tsakiya, me magada za su ba shi in ubangida ya rasu. Shaidu biyu, ɗaya daga dangin yaron. Kuma a riƙa ware kuɗin duk wata, kada a jira ƙarshe a ce kasuwa ta yi nauyi.

Mai gareji: Hajiya, Allah ya saka. Na ƙara da awans, wato kuɗin da yaro ke karɓa kafin lokacin biyansa. Shi ne ke haɗa faɗa fiye da albashi: jaka biyu yau, jaka biyar ranar suna, ƙarshen wata kowa da nasa lissafi. Littafi guda, kwanan wata, adadi, sa hannu ko dangwale, kuma kada awans ya wuce sulusin abin da zai karɓa.

Malam mai lissafi: Sai dai takardar sallama ba ta ɗauke dokar ƙwadago ta 2012 ba. Duk wanda ke aiki ƙarƙashin umarninka kana biyansa, ma'aikaci ne ko da baki kuka yi magana. In ya kai ƙara wurin sufeton ƙwadago, abin da za a tambaye ka shaidar biya ce, da hutunsa na kwana biyu da rabi a kowane wata. Abinci da kayan salla ba su da rasit. Ɗan koyo daban ne, amma shi ma yarjejeniyarsa a rubuce ake so.

Alhaji mai kayan gini: To wanda ke tafiya gona daga Yuni sai an gama girbin gero a Oktoba fa? In ci gaba da biya masa Kes yana ƙauye?

Malam mai lissafi: A'a. Ka yi masa kwantiragi mai wa'adi, Nuwamba zuwa Mayu. Kes a kan albashin da aka biya ake lissafa ta. Lambarsa ta Kes kuwa tasa ce har abada, ko ya koma wani shago watanninsa na taruwa.

Hajiya mai shagon ɗinki: Ni a nan na raba gari da ku duka. Wanda ke riƙe makulli da kuɗi, a ba shi albashi da Kes, don shi ne tafiyarsa ke durƙusar da shago. Ƴan koyo a yi musu sallama rubutacciya. Amma Malam, ɗan koyon da ya ƙware har yana yanka shadda shi kaɗai, kwastoma na zuwa don shi, yaushe ya daina zama ɗan koyo? A wace shekara za a ja layin?