Neman shawara: uban ɗalibata ya ce ina koya wa yara sunayen matsafa

Mushen SVT:
Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwana malamai. Ina wuninku, ya zafin nan? Wata magana ce ta sha mini kai, na ce bari in kawo ta gaban manya.

Ina koyar da SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, a wani lise nan cikin Maradi. Satin da ya wuce muka shiga darasin sunayen kimiyya na dabbobi, tsarin nan na Linne, masanin ƙasar Suwidin, wanda tun 1758 ake bai wa kowace dabba suna mai kalma biyu, ta farko ta danginta, ta biyu tata ita kaɗai. Wanda ya taɓa koyar da shi ya san halin. Ƙarfe sha ɗaya, kwano ya ɗau zafi, yara sun fi saba'in, kai kuma kana ta zuba Latinanci a tablo. Rabin kilas na gyangyaɗi.

Sai na ce bari in tashe su. Na rubuta Ampulex dementor, na ce wani zanzaro ne na ƙasar Tailan da aka raɗa wa suna a 2014. Danginsa kyankyaso suke harbi, kyankyason bai mutu ba amma ya daina iko da kansa, sai zanzaron ya ja shi zuwa rami ya saka masa ƙwai, tsutsar ta fito ta ci shi da ransa. Na ce dementor wasu halittu ne masu zuƙe kurwar mutum cikin littattafan Harry Potter, labarin Turawa na wata makarantar matsafa. Wani yaro daga baya ya ce, “Mushe, ashe maye ne!” Kilas ta tashi da dariya, barci ya gudu. Na ƙara musu da Trimeresurus salazar, koren maciji mai dafi na arewa maso gabashin Indiya, wanda aka sa wa suna a 2020 daga wani matsafi na cikin littafin mai jin maganar macizai. Sannan Eriovixia gryffindori, ɗan gizo-gizon Indiya da bai wuce milimita 7 ba, wanda siffarsa ta yi kama da wata hula mai magana ta cikin labarin, aka kuma sa masa sunan mai hular.

Shekaranjiya ɗaya daga cikin ƴan matan kilas ɗin ta zo mini da kwalbar zuma, ta rufe bakin da ƙyalle ta ɗaure da roba. A ciki akwai gizo-gizo mai launin ƙasa, dogayen ƙafafu, da ɗigo-ɗigo a baya, ta ce a gindin rumbun kakarta ta kamo shi. Wai idan sabo ne tana so a sa masa sunan Gizo na tatsuniya. Wallahi na ji daɗi.

Jiya kuma babanta ya same ni a ƙofar lakwal da kayenta a hannu, ya buɗe daidai shafin. Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, “Malam, boko na kawo ta ta koya, ban kawo ta a koya mata sunayen matsafa da mayu ba.” Na rasa ta cewa, na ba shi haƙuri kawai. Dattijo ne mai mutunci, ba mai neman fitina ba.

Shin in bar waɗannan misalai gaba ɗaya ne, ko akwai yadda zan yi? Ita kuma yarinyar me zan ce mata game da gizo-gizonta? Yana nan kan teburina, har ya fara naɗe ƙafafu.

Ɗan Tibiri:
Wa alaikumus salam. Ƙanena mi ya kai ka? Mu da munka yi karatu, da Panthera leo da Homo sapiens munka ci jarabawa, ba wanda ya kira muna maye. Wanga abu ko a bak ba a tambaya tai. Uban yarinya na da gaskiya, ɗiyan mutane amana ne. Ka goge shi ka huta.

Madam daga Ali Ɗan Sofo:
Yaya, ban yarda a goge ba. Yarinyar da ta durƙusa gindin rumbu tana neman gizo-gizo saboda darasi, ai darasin ya shiga. Mu nawa ne cikinmu muka taɓa samun haka? Kuma in dai sunan tatsuniya ne laifi, to littattafan da muke koyarwa da su tun tuni cike suke da shi. Mesa sunanta Python sebae, shi kuwa Python wani ƙaton maciji ne na tatsuniyar Girkawa. Hydra, ƴar halittar ruwan nan, Linne da kansa ya ba ta sunan macijin Girkawa mai kawuna da yawa, wanda in an sare ɗaya wasu su tsiro, don ita ma in an yanke ta takan sake tofowa. Ba wanda ya taɓa zuwa ƙofar lakwal a kan waɗannan, don ba a fassara masa su ba.

Ɗan Tibiri:
To ai shi kenan Madam, kada shi fassara.

Madam daga Ali Ɗan Sofo:
Sai su hardace kamar aku su manta ranar da aka fita kwampozisiyo, ko?

Tsohon Direkta:
Salamu alaikum. Ɗana, na karanta maganarka sau biyu. Ba ka yi laifi ba, amma ka yi abin da na sha yi ina saurayi: ka tsallake gida ka tafi nesa neman abin da ke bayan ɗakinka.

Ka san Jobaria tiguidensis? Ƙatuwar dabbar zamanin da ce mai dogon wuya, tsawonta ya haura mita 15, an tono ƙasusuwanta a ƙasarmu, jihar Agadas. Paul Sereno na jami'ar Shikago da abokan aikinsa suka raɗa mata suna a 1999. Kalma ta biyu daga dutsen Tigidit take. Ta farkon kuwa daga Jobar, wata halitta ta cikin labaran Abzinawa, wadda mutanen wurin suke dangantawa da manyan ƙasusuwan da suke gani a sarari. Ka ga ke nan tatsuniyar Nijar ta riga ta shiga littafin kimiyya, kowane masani a duniya dole ya furta ta. Akwai kuma Ouranosaurus nigeriensis, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya sa wa suna a 1976 daga Gadufawa, farkon sunan daga yadda Abzinawa ke kiran damon hamada ne. Na kai ɗalibai gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, na ga yadda yaro ke ɗaga kai ya kalli irin waɗannan ƙasusuwa har hularsa ta faɗi.

Da ka fara da Jobar, da uban nan alfahari zai yi. Kai kuma ka fara da maye mai kama kurwa. A garin nan kalmar maita ba abin wasa ba ce, ka san an raba zumunci a kanta. Abin da ya ba yara dariya a kilas, a gida wani nauyi gare shi.

Shawarata, ka je ka same shi a gida. Kada ka aika, kada ka kira a waya. Ka gaishe shi, ka nuna masa hoton Jobaria, ka ce masa suna ne kawai ake liƙa wa dabba don a bambanta ta da ƴar uwarta, kamar yadda makiyayi ke kiran saniyarsa da suna. Ka gaya masa ƴarsa ce ta fi kowa fahimtar darasin. Wannan kada ka manta da shi.

Malamin Arabiyya:
Na goyi bayan Baba Direkta. Kallon halittar Allah da sanin ta abu ne da aka kwaɗaitar da mu, a Alƙur'ani akwai Suratul Ankabut, gizo-gizo ke nan, ga Namli ga Nahli, tururuwa da ƙudan zuma. Ambaton sunan da wani Bature ya sa wa ƙwaro ba tsafi ba ne. Sai dai ɗan uwa, ka faɗi asalin sunan a taƙaice ka wuce, ba sai ka zauna kana ba su labarin makarantar matsafa ba. Nan ne iyaye za su ji tsoro, kuma da hujjarsu.

Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko:
Ranku ya daɗe malamaina, ku ba ni dama in tsoma baki kan gizo-gizon, don irin karatun da nake yi ke nan.

Da farko Mushe, kada a bar shi ya bushe. Gizo-gizo ba kamar buzuzu ba ne da ake soke shi da allura a ajiye, jikinsa laushi gare shi, in ya bushe sai ya motse a kasa gane komai. A sa shi cikin alkwal mai digiri 70, na farmasi ma ya isa. A yanki ƴar takarda a rubuta wurin da aka kama shi, ranar, da sunan wadda ta kama, a jefa cikin kwalbar. Da fensir za a rubuta, tawadar bik narkewa take yi a alkwal.

Na biyu, a gaya mata gaskiya. Nau'in gizo-gizon da aka riga aka sa wa suna a duniya ya haura 50,000, kuma wanda ke zaune kusa da mutane galibi an daɗe da saninsa. Kafin a ce sabo ne sai ƙwararre ya duba shi da madubin ƙara girma, musamman al'aurarsa, don da ita ake rarrabe su, shi ya sa wanda bai balaga ba yake da wuyar ganewa. Sannan a gwada da duk danginsa, a rubuta bayaninsa a buga a mujallar kimiyya, a ajiye shi kansa a gidan ajiyar halittu inda kowa zai iya zuwa ya duba. Wanda ya rubuta bayanin shi ke da ikon raɗa suna, sai dai ya tabbata wani bai riga shi ɗaukar sunan ba.

Amma burinta ba shirme ba ne. A 2017 an buɗe wani sabon dangin gizo-gizo na Afirka aka kira shi Anansi, wato Gizon mutanen Gana, mai wayo irin namu. In Anansi ya samu, me zai hana Gizo da Ƙoƙi? Sunan Hausa ma ya shiga tun 1920, akwai wani ɗan ƙaramin ɓera da ake kira Mus haussa. In an so sunan gari sai a ƙara -ensis, a ce maradiensis. In sunan namiji ne a ƙara -i, na mace kuma -ae. Wannan kaɗai ya isa aikin kilas: kowa ya ƙera wa dabbar gidansu suna bisa ƙa'ida, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, a ja layi ƙarƙashi.

Ɗan Tibiri:
To ni a sa ma akuyata Capra ɓarnaensis, ta gama da dankalin maƙwabta.

Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko:
Baba, ai Latinanci bai da ɓ, sai dai barnaensis, kuma sai in Ɓarna sunan gari ne.

Likitan Dabbobi, Dakwaro:
Ni ina da ɗan ja a kan abin baki ɗaya, ba ta fuskar addini ba. Suna mai kyau shi ne wanda zai gaya maka wani abu game da dabbar. Raƙuman dawan da aka kawo mana Gadabeji daga Kure a 2018, guda takwas, sunansu Giraffa camelopardalis peralta. Camelopardalis raƙumi da damisa ne aka haɗa, ka ji siffa. Shi kuwa gryffindori, nan da shekara ɗari wa zai tuna ko wane ne? Kuma suna in ya zauna da wuya ya tashi. Akwai wani makahon ƙwaro a kogunan dutse na ƙasar Sulobeniya da aka sa wa sunan Hitila a 1937, Anophthalmus hitleri, har yau sunansa ke nan don ƙa'ida ta ce wanda ya riga shi ke da shi.

Duk da haka akwai wanda ya burge ni. Smaug giganteus, wani ƙadangare mai ƙaya-ƙaya a jiki na Afirka ta Kudu da ke zama cikin rami. A 2011 aka ba danginsa sunan Smaug, dodon nan mai sulke da ke kwance ƙarƙashin dutse a littafin Tolkien, wani marubucin Ingila. Shi Tolkien ɗin a Bulumfonten aka haife shi a 1892, cikin jihar da ƙadangaren yake. Nan kam suna ya dace da mai shi. Mushe, in za ka riƙe ɗaya daga na Turawan, riƙe wannan, babu maye a ciki.

Madam daga Ali Ɗan Sofo:
Tunda an ambaci dodo, ka gargaɗe su tun da wuri, tsuntsun nan dodo na tsibirin Moris da ya ƙare ba shi da haɗi da Dodonmu. Bara wani ɗalibina ya rantse mini Turawa ne suka sace sunan.

Mushen SVT:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma Baba Direkta. Na tsaya farmasi na sayo alkwal, gizo-gizon na ciki, ita da kanta ta rubuta takardar da fensir, har da sunan ƙauyen kakarta. Na gaya mata mai yiwuwa ba sabo ba ne. Ta ɗan yi shiru, sai ta ce to za ta duba bakin gulbi in ruwa ya sauka.

Darasin zan sake shi ranar Litinin, in fara da Jobaria da Anansi, in kawo Smaug daga ƙarshe. Zanzaron zai zauna don halinsa darasi ne, amma ba zan sake kiran maye ba. Gidan dattijon kuma gobe Juma'a bayan la'asar in sha Allahu. Ƙanena na jami'a, turo mini hoton Jobaria mai haske wanda za a iya bugawa a takarda, kuma in akwai malaminku da zai yarda ya duba mana kwalbar nan, ka yi mini magana ta gefe.

Tsohon Direkta:
Ka tafi da goro.