Neman kalma: me za mu kira social prescribing da link worker?

Malam Tafinta: Assalamu alaikum. Ana neman Hausar kalmomin nan biyu. Ma'anar ta farko ita ce likita ko nas su gane cewa abin da ke mayar da mutum asibiti yana gida: famfo ya lalace, ko bashi, ko kaɗaici, ko rashin motar zuwa karɓar magani. Sai su miƙa shi ga wani ma'aikaci, wato mai suna na biyun, ya haɗa shi da waɗanda za su iya. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta sa abin cikin shirinta na 2019, ta ce za ta ɗauki irin waɗannan ma'aikata sama da 1,000. Rubutun da za a fassara kan 'yan asalin Ostireliya ne, Aborijin, mazauna ƙauyukan da ke nesa da birane. Abin da ya fara zo mini shi ne "rubuta maganin zamantakewa". A gyara mini.

Dakta: Wa alaikumus salam, Malam. A cire "rubuta". Wanda ya ji an rubuta masa abu, takarda zai jira, kuma a irin waɗannan ƙauyuka takarda ita ce ke fara mutuwa.

Ga misalin da zai nuna aikin. Ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ko gyambon fata ya yi yawa a tsakanin yaran Aborijin na arewacin ƙasar. Ƙwayar cutar tana yaɗuwa inda mutane suka cunkushe a gida ɗaya, ƙazwa kuma tana buɗe mata hanya a fata. Yaron da zazzaɓin da ke jawo wannan ciwon zuciya ya taɓa kamawa sai an yi masa allurar fenisilin duk kwana 28, ko ma 21, shekara da shekaru, don kada ƙofofin zuciyarsa su ƙara lalacewa. Allurar tana da zafi ƙwarai. Likita zai iya rubuta ta. Amma ruwan wanka, da injin wankin barguna, da wanda zai nemo yaron ranar da kwanansa ya cika alhali iyalin sun tafi zaman makoki wani gari, duk babu wanda alƙalami zai kawo. Wannan gefen muke nema wa suna.

Anti Nas: Dakta ya faɗi gaskiya. Bari in jera yadda ake yinsa, mu ga wace kalma ce za ta iya ɗauka.

Sau da yawa daga binciken lafiyar da suke kira 715 ake farawa, lambarsa ce a Medicare, tsarin inshorar lafiya na gwamnatin Ostireliya. A nan ake tambayar gida, abinci, kuɗi. Sai neman izini, da harshen mutumin, domin da yawa Turanci harshensu na uku ne ko na huɗu, kuma "to" ɗin kunya ba izini ba ne. Sai a zaɓi wanda zai riƙe maganar. Nan ake yawan yin kuskure. Akwai zancen da mace kaɗai ake yi wa, akwai na maza. Akwai kuma dangantakar da ta hana mutum biyu magana ko zama wuri ɗaya, kamar miji da uwar matarsa, abin da ya fi tamu kunyar surukai tsanani. In ma'aikaciyar asibitin surukar marar lafiyan ce, ba zai shigo ba, a rubuta "bai zo ba" alhali yana bakin ƙofa.

Bayan haka sai a kai shi da ƙafa, ko a buga waya yana zaune: ofishin gidaje don gyaran famfo, Centrelink, ofishin gwamnati mai biyan kuɗin walwala, don kuɗin da yake da haƙƙi a kai, ƙungiyar mata ko ta dattawa. A sa rana, a koma a duba ko an yi.

Abubuwan da ke karya aikin: waya ɗaya a hannun mutum biyar, saƙon asibiti ya faɗa hannun da bai kamata ba. Wani ba shi da takardar haihuwa, fom ya tsaya. In wani ya rasu, mai irin sunansa yakan ajiye sunan na wani lokaci, 'yan ƙabilar Warlpiri su kira shi Kumanjayi, sai fayil ya ƙi haɗuwa da mai shi. A arewa kuma damina tana yanke hanya wata da watanni.

Ni "rakiya" nake so. Raka shi ake yi har ƙofa.

Baba Malam: 'Yata, rakiya ta yi kusa, amma ki saurari yadda ake cewa "ɗan rakiya ne kawai" ga ɗan takarar da ba a sa ran zai ci. Ba za a sa wa ma'aikaci sunan da ke nufin ba shi da ta cewa ba. Kuma mai rakiya a bakin hanya yake juyawa, ke kuwa kin ce ana komawa a duba.

"Jagora" na nuna marar lafiyan bai san hanya ba, alhali a ƙasar kakanninsa yake. "Dillali" yana da la'ada. Ku dubi "sada". Muna cewa Allah ya sada mu da alheri, muna cewa sada zumunci. Ba a sada mutum da abu sai sun haɗu. Sai dai a kula da siga: sadarwa ta tafi ga waya da rediyo, saduwa kuma ba ta shiga fom ɗin asibiti. Sadawa ce tamu.

Malam Tafinta: Allah ya ƙara girma, Baba. To "sadawa da tallafi"?

Anti Nas: A'a, Malam. Yau in ka ce tallafi, layin rabon shinkafa ko kuɗi mutane za su gani. A ce masu taimako, don mutane ne ake haɗa shi da su.

Dakta: Na yarda da sadawa, kuma tana da wani amfani: tana tilasta tambayar "da wa?". A Ingila ana ɗauka ƙungiyoyin suna nan, nuna hanya kawai ya rage. A hamada wani lokaci babu kowa a ɗaya gefen. 'Yan ƙabilar Pintupi na ƙauyen Kintore, fiye da kilomita 500 yamma da garin Alice Springs, in ƙoda ta gaza sai su ƙaura birni, domin wankin ƙoda sau uku ne a mako, wajen awa huɗu kowane zama. Mutum ya bar iyali da ƙasarsa, wasu su gwammace komawa gida su bar wankin. A 2000 masu zanensu suka sayar da zane a gwanjo, aka tara sama da dalar Ostireliya miliyan ɗaya, a 2004 aka fara wankin a Kintore. Ƙungiyar da ta yi wannan aiki ita ce ake kira Purple House yanzu, nasu ne kuma su ke jagorantarta. Saboda haka a fassara kada a rubuta kamar baƙo ne ke kawo musu taimako. Tun asibitin da suka buɗe a unguwar Redfern ta birnin Sydney a 1971 suna da cibiyoyin lafiya da su ke mulkinsu, kuma mai sadawar da ya fi aiki ɗan garin ne.

Malam Tafinta: To mun tsaya a nan: aikin, sadawa da masu taimako, ma'aikacin, mai sadawa, a takardar ofis jami'in sadawa. Gwaji: "Nas ta miƙa majinyacin ga mai sadawa, shi kuma ya sada shi da ofishin gidaje."

Baba Malam: Gyara ɗaya, Malam. Majinyaci a bakin wasu mai ciwon ne, a bakin wasu mai kula da shi. Tunda a wannan aiki su biyun duk ana sada su, a rubuta marar lafiya ga ɗaya, mai jinya ga ɗayan.