Tsofaffin kayan lab masu zaiba, ina ake kai su a Kumasi?

DanAboabo: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina aiki a lab na wata sakandare nan Kumasi, muna gyaran sito sai ga kwali cike da tsofaffin tamomita (ma'aunin zafi) masu zaiba da barometa (ma'aunin nauyin iska) doguwa guda ɗaya, wasu ma sun fashe a ciki zaibar ta taru a kusurwar kwalin tana ta walƙiya. Hedimasta ya ce a kira mai aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) ya kai bola ko a ba 'yan kwandem masu sayen tsofaffin ƙarafa, ni dai hankalina bai kwanta ba. Ya ake yi?

Maman_Nas: Wa alaikumus salam ƙanena. Bola kam a'a, domin can wuta ake sawa kuma hayaƙin zaiba shi ne babban bala'in, ba shi da wari ba shi da launi, huhu yake bi ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Fara fitar da ɗalibai, ka buɗe tagogi ka kashe fanka, kuma don Allah kar ka sa tsintsiya, tana farfasa ta ne ta watsu ko'ina. Sa safar roba, in kana da zoben zinari cire shi don tana kama zinari. Da ɗan kati mai kauri za ka tattaro ta ka zuƙe da sirinji marar allura, ƙananan kuma salatif ke ɗaukarsu, ka haska tocila a ƙasa daga gefe za ka ga waɗanda suka ɓuya a tsagar siminti. In akwai garin farar wuta a lab ɗinku barbaɗa a wurin. Zuba ta a kwalba mai murfi mai ƙarfi, banda gwangwanin alminiyam tana cinye shi. Kwalin da safar da sirinjin duk a ɗaure a leda biyu a rubuta ZAIBA a jiki.

Baba_Asawase: Wa ya ce 'yan kwandem? Hmm. Fasawa za su yi da hannu su sayar wa 'yan galamse masu haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, gobe ta ƙare a kogin Offin ko Pra mu kuma mu ci kifin. Barometar nan kaɗai zaibar cikinta ta fi ta tamomita ɗari, ku bar ta a tsaye kar wanda ya kwantar da ita.

Ustaz_Tafo: Malam aikin EPA ne wannan, wato hukumar kare muhalli, suna da ofis a Kumasi. Gana ta shiga yarjejeniyar Minamata ta duniya kan zaiba a 2017, kuma akwai doka kan shara mai haɗari, ka nuna wa hedimasta ya rubuta musu takarda da sunan makaranta su faɗi wanda ke da lasisin kwashewa.

DanAboabo: Allah ya saka da alheri. To kafin su amsa fa, ina zan ajiye?

Maman_Nas: Waɗanda ba su fashe ba naɗe kowanne da jarida ka jera a bokitin roba mai murfi, ɗaki mai sanyi da iska nesa da aji, ka kulle makulli na aljihunka.