Neman shawara: wane tsibiri a Bahar Rum zai dace da iyali da tsohuwa?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san hanya. Ina so in kai iyalina hutu wani tsibiri a Bahar Rum idan yara sun samu dogon hutu: ni da maiɗakina, yara uku, babbar shekararta goma sha biyu, autan bai cika huɗu ba, sai Hajiya mahaifiyata. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, don haka ba yawon hawa duwatsu muke so ba. Wuri guda muke so mu sauka mu huta. Damuwata abinci na halal ba sai an yi ta tambaya ba, masallacin Juma'a kusa, da bakin ruwan da maiɗakina da 'yata za su shiga da suturarsu ba a zuba musu ido ba. An ambata mini Saifurus ta Arewa, da Malta, da Jerba ta Tunisiya. Fasfonmu duka na Najeriya ne. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Magusa: Wa alaikumus salam Yaya. A Saifurus ta Arewa na yi karatu, kuma ita zan zaɓa maka, amma da sharaɗi. Naman da ke mahauta da gidajen abinci na gari yankan Musulmi ne. Kaza, rago, kebab, miyar adas, cukun hellim da ake gasawa, duk za ku ci hankali kwance. Matsalar ba ta nama ba ce. Manyan otal ɗin Girne, garin shaƙatawa da ke gaɓar arewacin tsibirin, kusan duk suna da gidan caca a ciki, giya kuma a fili take a teburin abinci da bakin wurin ninƙaya. Mutanen tsibirin Musulmi ne, amma ba su da tsanani ko kaɗan, kada ka zaci Madina za ka sauka. Ka bar otal, ka kama gidan haya mai kicin a wajen Iskele, inda ake kira Long Beach. Yashi ne shimfiɗe, ruwan ba zurfi a gaɓa, ga hanyar tafiya a miƙe da Hajiya za ta taka a hankali bayan la'asar. Daga nan zuwa garin Magusa tafiyar mota ce kaɗan, sai ku yi Juma'a a masallacin Lala Mustafa Pasha. Tsohuwar majami'a ce da aka mayar masallaci bayan Daular Usmaniyya ta ci garin a 1571, a ƙofarsa akwai wata tsohuwar bishiyar ɓaure da mutane ke zama a inuwarta. Ɗalibanmu na Jami'ar Gabashin Bahar Rum na sallah a garin, za ka ji Hausa.

Hanya: Turkiyya kaɗai ta amince da wannan ɓangare na arewacin tsibirin a matsayin ƙasa tun da suka ayyana kansu a 1983, saboda haka duk jirgin da zai sauka filin Ercan ta Turkiyya yake biyowa. Daga Abuja zuwa Istanbul, sannan kamar awa ɗaya da rabi. Ɗan Najeriya sai ya nemi biza tun daga gida, kuma ka tambayi ofishin jakadancin Turkiyya batun bizar wucewa kafin ka biya kuɗin tikiti. Kuɗinsu lira ne, mota kuma ta hagu suke tuƙi.

Malama Ummu Sa'ad: Idan Saifurus ce, ina ba ka shawara ka kai Hajiya kabarin Ummu Haram bint Milhan, Allah ya ƙara mata yarda. Ita ce wadda Manzon Allah (SAW) ya farka daga barci a gidanta yana murmushi, ya ce an nuna masa wasu daga al'ummarsa suna hawa teku kamar sarakuna a kan gadaje, ta ce ya roƙa mata Allah ta kasance cikinsu, ya roƙa. Ta fita yaƙin teku tare da mijinta Ubada bn Samit a zamanin Sayyidina Usman, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Yara su ji wannan a wurin da ya faru, ya fi musu wasan ruwa amfani.

Ɗan Magusa: Malama, Allah ya saka, amma a nan akwai cikas. Masallacin Hala Sultan, inda kabarin yake, yana gefen tafkin gishiri na Larnaka ne, wato ɓangaren kudu na Girkawa. Tun 1974 tsibirin a rabe yake, kuma gwamnatin kudu ba ta ɗaukar Ercan a matsayin halattacciyar mashiga. Mai fasfon Najeriya da ya shigo ta arewa ba zai tsallaka ba. Kada a yi wa Hajiya alkawarin wannan ziyara a wannan tafiyar.

Maman Zahra: Baban Ilham, ka bar maiɗakinka ta karanta wannan. Ta sayi kayan ninƙaya masu rufe jiki tun kafin ku tashi, ita da yarinyar. Kada su shiga ruwa da abaya ko atamfa, yadi yana shan ruwa ya yi nauyi, ya naɗe ƙafa, hatsari ne. Ku riƙa fita bakin ruwa da sanyin safiya, daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara. A lokacin ba kowa sai tsofaffi da masu kamun kifi. Masu kwanciya tsirara a rana sai hantsi suke fitowa. Sannan a sa wa Hajiya kuka da daddawa da yaji a jaka, a sayi garin semo a can. Tsohuwa kwana biyu za ta yi wa burodi da zaitun kara, a na uku tuwo za ta nema.

Alhaji na Turai: Malta ƙasa ce mai kyau kuma ana jin Turanci ko'ina, amma ban ga ta dace da ku ba. Bizar Schengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, ta mutum shida aiki ce babba. Babban masallacinsu ɗaya ne, a Paola, wanda Libiya ta gina. Abincin gargajiyarsu akwai naman alade, zomo ma da giya ake yawan dafa shi, sai dai ku dogara da kifi da shagunan Turkawa da Larabawa. Valletta, babban birnin, kuma matattakala ce hawa da sauka. Gaɓar Mellieha ce kawai zan yaba saboda yara. Idan kun je ɗin, kada ku ɗauki kilishi ko dambun nama, an hana shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama.

Ɗan Maraɗi: Barkanku. Ni Jerba na sani. Ga gwiwar Hajiya babu kamarta, tsibirin a shimfiɗe yake, ba tudu. Masallatai fararen ƙanana ko ta ina, kiran sallah na iske ku har ɗaki, nama ba tambaya, matan garin da yawa da suturarsu suke shiga ruwa. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. A kasuwar Houmt Souk za ka sayi kifi ɗanye, ka miƙa wa masu gashi a gefe su gasa maka, a kawo da burodi da harisa, wato yajinsu na niƙaƙƙen barkono. Yara kuma a kai su Guellala su ga masu ginin tukwane. Sai dai gaskiya guda: tun jawabin da Shugaba Kais Saied ya yi kan baƙin haure a Fabrairun 2023, baƙar fata ya sha wahala a wasu garuruwan Tunisiya, musamman Sfax. Jerba wurin baƙi ne, ta fi sauƙi, amma ku riƙa yawo da takardunku.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malta ta fita. Mun zauna da maiɗakina, hankalinmu ya fi kwanciya da Iskele. Saura lokaci: hutun yara daga ƙarshen Yuli ne zuwa farkon Satumba. Yaya zafi?

Ɗan Magusa: Yaya, Agusta ka guje mata in da hali. A Lefkosha, babban birnin, zafi kan kai digiri 40, kamar Sakkwato a Afrilu, bakin teku kuma ga gumi, ga cunkoso, ga tsadar haya. Ka ja tafiyar zuwa makon ƙarshe na hutun, ku shiga Satumba ko da yara za su rasa kwana biyu uku na makaranta; ruwan yana nan da ɗuminsa har Oktoba. Wajen kama gidan ka tabbatar akwai na'urar sanyaya ɗaki a ɗakin Hajiya, kuma ko dai hawan ƙasa ne ko akwai lifta. Ka ce mai gidan ya turo maka bidiyon banɗakin kafin ka biya, da yawa bahon wanka ne mai tsayin baki da tsohuwa ba za ta iya tsallakawa ba.