Musayar Waƙa: Madubin da Na Gurza da Hannuna

Ƙanwar Zara:

Salama gare ku, masu kwana kallon sama,
Ƙanwarku ce tafe, tana biɗar shawara.
Wata uku ina gurzar gilashi mai inci 6 don na'urar hangen taurari,
Ɗaya bisa ɗaya, da gari mai kaushi na fara.
Rami ya zauna, na goge shi har ya yi sheƙi,
Na sa shi gwajin reza mai auna ramin madubi, inuwa ta ce da saura.
Bakin madubin ya zame, ya sunkuya ƙasa,
Hannu ya gaji, yayyena, ina dabara?

Baba Mai Madubi:

Amin wa alaikis salam, 'yata, share hawaye,
Ciwon kowa ne wannan, ba kanki aka fara.
Doguwar turawa ke cinye bakin madubi,
Da kwaltar gogewa in ta yi laushi, nan za ki yi hattara.
Gajarta hannu, ki sami kwaltar da ta fi tauri,
Ki danne su tare su huta kafin ki ƙara.
In ya ƙi, rufe bakin da siririn baƙin zobe,
Ɗan hasken da kika yar ba zai zamo asara.
Herschel makaɗi ne a Ingila, ya koyi gurza,
Madubai sun sha lalace masa, yana ta gyara.
A 1781, da wanda ya yi da hannunsa,
Ya hango duniyar Uranus daga bayan gida, ya yi nasara.

Mai Bututun Kwali:

Baba ya gama magana, nawa ɗan ƙari ne:
Kar neman cikar kyau ya sa ki makara.
John Dobson bututun kwali ya haɗa da katako,
Ya kafa a titin San Francisco, jama'a ya tara.
Galileo a 1610, da abin da bai kai naki ba,
Ya ga watanni huɗu na duniyar Mushtari, sahu sun jera.
Rana kaɗai, ƙanwata, kar ki nufe ta da shi,
Ƙiftawa ɗaya ido ya ƙone, babu gyara.

Ƙanwar Zara, bayan mako shida:

Baba, Yaya, albishirinku, na bi maganarku,
Zoben baƙi na sa, sauran fuskar ta gyaru tsaf, ba saura.
An shafa masa alminiyom, na kafa ƙaramin madubi
A karkace, yadda Newton a 1668 ya tsara.
Daren jiya na juya bututun, ina laluben duniyar Zuhal,
Ɗigon haske ya shigo, numfashina na tsare, na jira.
Na murɗa a hankali, sai ga shi da zobensa,
Ɗan mitsitsi, fes, kamar da alƙalami aka zana shi aka ƙera.
Na ta da ƙanena daga barci ya zo ya gani,
Ya leƙa, ya ɗago, ya ce Yaya, bar ni in ƙara.

Baba Mai Madubi:

Madalla 'yata, kin sa ni ƙwalla da tsufana,
Daren farkon nan, har yau nawa bai bar ni ba, ina tunawa da shi kamar yanzu na fara.
In tauraruwa Zara ta matso kusa, jinjirin wata za ki gan ta,
Da almuru ki juya madubin, ki gaida Zara.