Neman kalma: me za mu kira "scrap metal sculpture" da Hausa?

Rabi: Salamu alaikum malamaina. Gobe da safe zan karanta rahoto a rediyo kan hanyar Alaska, wadda sojojin Amurka suka fasa daji suka buɗe a 1942, daga Dawson Creek ta Kanada, kusan kilomita 2,700 cikin wata takwas. A shataletalen garin akwai siffar wani safiyo tsaye yana nuni da hannu wajen da hanyar ta nufa. Da tsofaffin ƙarafa aka haɗa shi da walda, don girmama waɗanda suka yi aikin. Me zan kira shi?

Isiyaku: Sassaƙar ƙarfe.

Malam Tanimu: A'a. Ice da dutse ake sassaƙawa, ana ragewa har siffa ta fito. Wannan kuwa ƙarawa ake yi, guntu kan guntu. Aikin ƙira ne.

Ɗan Panteka: Mutum-mutumin gwangwan, shi ke nan. A wajenmu a Kaduna, tsohuwar sarƙar katafila, haƙorin bokitinta, wuƙar gireda da ta cinye, duk gwangwan ne, a kilo ake auna su.

Malam Tanimu: Ɗana, girmamawa fa ake nufi. Mutanen da suka kwana cikin ƙanƙara da fadama, kusan kashi ɗaya cikin uku baƙaƙen fata da ake ware musu sansani daban, sai a tuna da su da sunan kayan bola? Ni na fi son "matuni". Kamar yadda buɗe ta ba mu mabuɗi, tuna ta ba mu matuni. Jam'i matunai.

Rabi: Baba, ya yi daɗin faɗa, amma mai sauraro zai gane a karon farko?

Malam Tanimu: 'Yata, "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ma wani ne ya fara faɗa.

Isiyaku: Amma kwamfuta ce a bakin mutane har yau, Malam.

Malam Tanimu: Lalacinmu ne ya jawo. Walda, katafila, safiyo, duk aro. Yaushe za mu daina bara?

Ɗan Panteka: Ranka ya daɗe, wannan maganar ta yi mini zafi. Da walda muke ci da iyalinmu, kuma gwangwan ba abin kunya ba ne. Ƙarfen da ya gama aiki aka sāke ba shi rai, ai darajar abin ke nan. In ka cire wannan daga sunan, me ya rage?

Hajiya Mariama: Daga Damagaram nake. Don Allah ko me za a zaɓa, kar a ce gunki. Na taɓa jin an faɗa a labarai, mutane suka ɗauka bauta masa ake yi. Gwangwan kuma ba kowa zai gane ta ba a nan.

Isiyaku: Matuni ma bai nuna ƙarfe ba. Carbi ma matuni ne.

Rabi: Lokaci ya ƙure. Zan ce "mutum-mutumin tsofaffin ƙarafa da aka ƙera don tunawa da magina hanya". Daga baya "mutum-mutumin" kawai.

Malam Tanimu: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Kuma ranar da aka ƙera siffar da ba ta mutum ba, za ki dawo. Amma je ki da shi, 'yata. Ni dai matuni zan ci gaba da koya wa ɗalibaina.

Ɗan Panteka: Anti Rabi, ko sau ɗaya ki sa gwangwan a ciki.

Rabi: In edita ya bari.