Sebe ko sibi: wane suna za mu raɗa wa takardar nan?

Jama'a, ku zo mu raɗa wa wata takarda suna, wadda mai neman aiki ke jera karatunsa da ayyukan da ya yi a cikinta. Mu nan Maradi "sebe" muke ce mata, ƴan'uwanmu na Jibiya da Katsina su ce "sibi". Haruffa biyu ne dai, C da V, kowa da yadda lakwal ta koya masa furta su. Asalin kalmar daga harshen Latin take, curriculum vitae, wato hanyar da rayuwa ta bi. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, bai dace takardar da kowane mai neman aiki yake riƙewa ta zauna ba suna a bakinmu ba.

Ɗan yayata ne ya tayar mini da zancen. Ya gama lisansi, wato digirin farko, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya ji wata ƙungiya tana neman mai kula da mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ya kawo mini dosiyensa in duba. Sebe ɗin shafi huɗu. Sunan mahaifi, sunan mahaifiya, ƙauyen da aka haife shi, firamaren da ya yi, har da "ina son ƙwallo da tafiye-tafiye", wanda na tabbata a kwamfutar mai buga takardu ya tarar da shi. Na ce masa, "Ɗana, ina shekara huɗun da ka yi a shagon baffanka a babbar kasuwa, kana rubuta buhun wake da na gujiya da ya shiga da wanda ya fita?" Ya ce, "Kawu, ai wannan ba aiki ba ne, taimako ne. Kuma an ce mini tarihin rayuwata zan rubuta."

Kun ji inda sunan ya ɓatar da shi. Shi ya sa ban yarda da "tarihin rayuwa" ba, ko da yake ita ce fassarar da ta fi kusa da asali. Bahaushe in ka ce masa tarihi, daga haihuwa zai faro, ya bi zuri'a, ya zo ƙarshe a kan abin da ya kamata ya fara da shi. Mai ɗaukar aiki kuwa da tarin dosiye a gabansa, idonsa saman shafin farko yake faɗawa. Abin da ka yi kwanan nan shi ake sa wa gaba, a koma baya da kaɗan-kaɗan.

"Takardar neman aiki" ma ba ta yi ba, tana da mai ita. Wannan ita ce demand, wadda ake rubutawa da hannu, wani lokaci a manna mata tambur. Ita roƙo take yi. Sebe ba ya roƙo, nunawa yake yi.

Wani malamin lakwal da muke shan shayi tare a unguwar Zariya ya kawo "takardar gabatar da kai". Ta yi daɗi a kunne, sai dai ta yi faɗi, katin ɗan ƙasa ma gabatar da mutum yake yi. Wani ya ce "kirari". Na ɗan tsaya a kanta, domin akwai gaskiya ciki: mutum ne yake faɗin abin da ya isa da shi. Amma kirari yana ɗaukar zuga, wannan takarda kuwa duk layin da ke cikinta ana iya cewa kawo shaida, ko a buga wa wanda ka yi aiki ƙarƙashinsa waya.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "bayanin cancanta". Na guje wa "takardar cancanta" da gangan, kar a ɗauka diflom ce da hukuma ke bayarwa. Bayani kai ne kake yin sa da bakinka. Cancanta kuma ba ta tsayawa ita kaɗai, dole a tambaya: cancantar me? Wanda ya cancanci riƙon mangaza ba lalle ya cancanci koyarwa ba. Da jin sunan, yaro ya san kowane aiki da irin bayaninsa, ba a buga guda ɗaya a yi ta fotokofi ana rabawa ofis-ofis.

Ku gwada ta a baki, misali in za a kai ta ANPE, hukumar samar da aikin yi ta Nijar. "Ka kai bayanin cancantarka ANPE?" "Hajiya, turo mini bayanin cancantarki ta WhatsApp." Ba ta yi wa harshe nauyi ba.

Da wannan sunan muka sake zama da ɗan nawa bayan la'asar. Shafi ɗaya ya fito. A sama sunansa da lambar wayar da ke shiga. Sai shagon baffa, 2019 zuwa 2023: lissafin kaya a littafi, daga baya a Excel, karɓar kaya daga garin Dan Issa, biyan ƴan dako. Sai istaj ɗinsa, wato koyon aiki, na wata uku, sai lisansi, sai bak, shaidar gama sakandare. Wurin harsuna ya rubuta Faransanci kaɗai, na ce ya sa Hausa a gaba, tun da mutanen karkarar da ƙungiyar za ta raba wa kaya da ita za su yi masa magana. Muka mai da shi PDF don kar layuka su watse a wayar wani, ya tura.

Mai wata kalmar da ta fi wannan ya kawo ta, amma ya haɗo ta da jimlar da za a faɗa wa yaro a bakin shagon buga takardu ya gane nan take.